Yaya, kafin in aiko da jar likkafar nan, auno mini takalminka

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya, har da akawal ɗinka, baƙin dokin nan da na ji an ce ya yi ƙiba majayi na neman gaza shi. Na ga hoton da ka turo na jar likkafar nan mai ɗaukar ido, na kuma ji saƙonka cewa in babu ja ko shuɗiya ce a kawo. Na same ta, na riƙe ta a hannuna, na juya ta, amma ban saya ba. Kafin ka ce rowar mutanen Turai ta kama ni, tsaya ka ji yadda wata yarinya da ba ta wuce sa'ar autarmu ba ta sauke ni daga kan doki a gaban yara.

Ka san tun da na zo Ingila ban sa ƙafa a likkafa ba. Wata Asabar kewa ta ishe ni, na nemi wata barga a bayan gari inda ake biya a hau. A nan ba a zuwa kawai a ce a ɗaura sirdi. Sai ka nemi lokaci ta intanet, ka cike takarda: nauyinka, tsawonka, wa za a kira in ka faɗo, ina iyawarka ta tsaya. Da na zo gurbin iyawa na zaɓi na gwanaye, ina ma jin haushin babu na sama da shi. Ni da aka ɗora a kan doki tun ban iya ɗaura wando ba?

Na isa ana yayyafi, da farin takalmina na motsa jiki, sabo fil. Malamar hawan, wato yarinyar da na faɗa maka, ko fuskata ba ta duba ba, ƙafata ta kalla. Ta ce da wannan takalmin ba zan hau ba, don ba shi da dunduniyar da za ta tare ƙafa kada ta zarce cikin likkafa, ga shi kuma ƙasansa duk tsage-tsage ne masu kama ƙarfe. Ta ɗauko mini wani tsohon takalmin hawa daga kan kanta, wanda Allah kaɗai ya san ƙafa nawa ta shige shi, ta haɗa mini da hular kwano. Na haɗiye. Aka jawo wani ƙaton doki mai gashi a ƙafafu, sanyin hali kamar saniyar tatsa. Na kama geza na haye da tsalle ɗaya, ina satar kallonta ko ta gane da wa take magana. Ita kuwa sai ta sunkuya, ta kama ƙafata, ta nemi zura yatsa tsakanin takalmin da ƙarfen likkafa. Yatsa bai shiga ba. Ta ɗago ta ce in sauko.

Yaya, yara shida ne a filin nan kan ƙananan dawakansu, iyayensu na jingine da shinge. Duk suka zuba mini ido, baƙon da ya rubuta gwani ne, ana sauke shi bai yi taku ɗaya ba. Na tsaya cikin taɓo riƙe da linzami kamar yaron barga, ta tafi ɗakin kaya ta dawo da wata likkafar mai inci 5, ta kwance mai inci 4 da rabi da ke jikin sirdin. Ta ce ƙa'idarsu a bar kusan rabin inci kowane gefe na takalmi, wato faɗin yatsa. In likkafa ta matse, ƙafa za ta maƙale lokacin faɗuwa. In ta yi yawa, ƙafar za ta zarce har idon sawu. Ko wanne ya faru, dokin zai tafi da kai ana jan kanka a ƙasa.

Zuciya ta ɗebe ni na ce mata a ƙasarmu da abin da aka samu ake hawa, kuma sukuwar da muke yi dawakanta ba su taɓa mafarkinta ba. Ba ta yi gardama ba. Tana ɗaure madaurin ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko a can ba a taɓa samun wanda doki ya ja ba.

Na yi shiru. Ka san wanda ya faɗo mini a rai, ba sai na kira suna ba. Ina tsaye a wurin ranar, kai ma kana nan. Dokin ya zabura, yaron ya zamo ta hagu, ƙafarsa ɗaya ta zarce cikin likkafar manya da aka ɗora shi a kai da silifa, aka yi ta bin doki ana ihu, ihun na ƙara firgita shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau ɗingishi yake yi. Me muka ce a lokacin? Ƙaddara. Muka zagi dokin, aka ce mai tutsu ne, aka sayar da shi. Likkafar kuwa aka goge ta aka mayar jikin wani sirdin. Shekara nawa ke nan, ban taɓa jin wani a cikinmu ya ɗora mata laifi ba, har da ni, sai ranar nan cikin ruwan sama.

Sauran darasin ba abin ba da labari ba ne. Sa'a guda muna zagaye fili kamar masu sussuka, daga tafiya sai sassarfa, tana ta faɗa mini in daina zura ƙafa gaba ɗaya, in taka da tudun tafin bayan yatsu, in sauke dunduniya. Babu sukuwa, babu zamiya, ko ƙura babu da za ta tashi. Na tuna kilisarmu ta yamma, har ƙwalla ta so zubo mini a kan dokin mutane.

Da saƙonka ya zo sai na tafi kantin kayan doki. Bango guda likkafa ce zalla, daga ƙasa har rufi. Na nuna wa dattijon da ke wurin hotonka na ce wannan nake so. Wai shi sai ya ji faɗin takalmin mai hawan, da nauyinsa, da irin hawan da yake yi, da irin sirdinsa. Ko ɗaya ban sani ba. Abin ya ba ni haushi, mutum da kuɗinsa a aljihu ana masa tambayoyi kamar a asibiti. Amma ya zauna da ni fiye da rabin sa'a yana sauko da su ɗaya bayan ɗaya, alhali ya ga alamar ba ciniki za a yi ba.

Ya fara da tsohuwar yayi, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda suke kira Fillis, sunan wani malamin hawa haifaffen Landan da ya yi suna a Faransa, ya rasu a 1913. Nauyi gare ta, kuma nauyin ne amfaninta: in ta suɓuce maka ana cikin gudu, rataye take zama, ƙafa na lalubawa za ta same ta. Masu launin nan da suka tafi da hankalinka yawancinsu na alminiyan ne ko na roba mai tauri. Ba su da nauyi, gwiwa na jin daɗinsu, amma in suka kuɓuce sai su yi ta lilo kana farautarsu. Launin kuma a fatar ƙarfen kawai yake, tsakuwa da shinge na kankare shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka yi ta dabarar sakin ƙafa. Akwai ta yara wadda gefenta na waje zoben roba ne kawai, da an faɗi sai ya fita. Ya ce ba ta babba ba ce, don gefe ɗaya ne ke ɗauke da nauyi, tana iya buɗewa. Akwai mai lanƙwasasshen gefe da ke barin hanya. Kamfanin Freejump na Faransa na yin mai reshe ɗaya mai lanƙwasuwa, buɗe a sama. Tech Stirrups na Italiya na yin mai ƙofa a gefe, in ƙafa ta danna sai ta buɗe, ta koma da kanta. Ophena na Suwidin ma gefen suka cire ɗungurungum, suka sa maganaɗisu a matakin da kuma cikin shimfiɗar takalmi. Sprenger na Jamus suna da mai gaɓoɓi da ke bin motsin idon sawu. Wasu an karkatar da ramin madaurinsu, don likkafar ta fuskanci gaba da kanta, kada fatar ta riƙa murɗe maka gwiwa. Wasu matakinsu ƙayoyi ne kamar abin goga kuɓewa, ba sa santsi ko cikin ruwa, sai dai suna karce fatar sirdi.

Kada ka ɗauka su waliyyai ne. Son a gani na nan ma. Na ga wata mata ta zo neman likkafar da za ta dace da launin shimfiɗar sirdinta da hularta, ba ta tambayi komai ba sai launi, dattijon na ta fama da ita. Kuma da ya ɗauko mini wata mai faffaɗan mataki yana yabon wai sabuwar fasaha ce mai hutar da tafin ƙafa, dariya ta kusa kuɓuce mini. Faffaɗar likkafar Baba da ke rataye a ɗakinka ta girme shi.

Wannan ne ma ke ƙona mini rai. Babu abin da ke bangon nan da maƙeranmu ba za su iya ƙera kwatankwacinsa ba. Mu ne ba ma tambaya. In mun je wajen maƙeri maganar zane muke yi da sheƙi, ba wanda ke zuwa da takalminsa a hannu. Likkafa ta tsage, a kai wa mai walda ya ɗiga mata wuta, a shafa fenti, a ci gaba da miƙewa a kanta ana sukuwa. Likkafa ɗaya uba ya hau, ɗa ya hau, baƙo ya hau. A baki kullum muna yi wa juna fatan likkafa ta yi gaba, ta jikin sirdin kuwa tana nan inda kakanni suka bar ta.

Akwai kuma wata matsalar da dattijon ya tono. Waɗannan likkafun an yi su ne don sirdin nan ƙasar, mai madauri siriri, faɗin inci ɗaya. Ramin nasu ba lalle madaurinka ya shiga ba. Sannan sirdinsu na da wani ƙarfe buɗaɗɗe ta baya inda ake maƙala madaurin, don in an ja mutum ya zame ya fita gaba ɗaya. Naka a ɗaure yake tamau, ba inda za shi. Ke nan a sirdinka likkafar ce kaɗai za ta iya sakinka, shi ya sa ba zan saya da ka ba.

Don haka ka ɗora takalmin da kake hawa da shi a kan takarda, ba silifa ba, ka zagaye shi da biro, ka auna inda ya fi faɗi. Ka auna faɗin madaurin likkafarka. Ka faɗa mini nauyinka na gaskiya, ba na shekarar aurenka ba. In sun iso zan koma wajen dattijon, kuma na riga na tambaya, mai ƙofar nan ana samunta ja. Kafin nan, don Allah a daina ɗora Abba a kan likkafar Baba. A gaishe mini da Yaya Babba da yara, a shafa mini wuyan akawal.