Ido mai ciwo da ido marar ciwo: wanne ya fi ban tsoro?

Hajiya, kin kawo mana tambaya a zauren nan. Ɗanki mai koyon walda a Zango, ɓurɓushin ƙarfe ya karce masa ido, ya kwana yana kuka, kwana uku ya koma aiki. Shi kuma Alhaji, siminti ya fantsar masa a ido wajen gini tun kafin azumi, yanzu ba ya jin zafi ko kaɗan, amma idon ya ƙi warkewa. Kika ce ai na yaron ne ya fi muni, tunda shi ya sha wuya. Allah ya ba su lafiya, amma ni na Alhaji ne ya fi tayar mini da hankali.

Gilashin nan da ke gaban baƙin ido, kaurinsa kusan rabin milimita ne. Babu jijiyar jini a cikinsa, amma jijiyoyin jin taɓi sun cika shi maƙil, sun ninka na fata sau 300 zuwa 600. Shi ya sa ƙwayar rairayi guda a hunturun Damagaram sai ki ji ta kamar tsakuwa.

Na yaron a sama ya tsaya. Irin wannan karcen yakan rufe cikin kwana 1 zuwa 3. In likita ya ɗiga rininsa ya haska da shuɗiyar fitila, wurin sai ya fito kore shar. Bayan kwana biyu ki nemi koren ki rasa. Kan jijiyoyin ne ya yanke, tushen yana nan a ƙasa, kamar gawon da makiyayi ya sassare wa rassa: zai toho. Kukan da ya yi ma shaida ce cewa jijiyar tana da rai.

Siminti kuwa ba ya tsayawa a sama, cin nama yake yi yana nutsawa, har ya ƙone tushen. Kuma aikin jijiyoyin nan ya wuce kai labarin zafi. Su ke sa mutum ƙiftawa, su ke sa hawaye ya zubo, su ke fitar da sinadaran da fatar gilashin take rayuwa da su. In suka mutu ido ya bushe, gyambo ya buɗe, mai shi yana cewa ya ji sauƙi. Likita yakan murza zaren auduga ya taɓa gefen gilashin: mai lafiya zai zabura, mai irin ciwon Alhaji ko gezau. Ciwon sukari da kuturta ma suna jawo haka, don haka in yana da sukari a faɗa wa likita.

Tohon jijiya daga tushe tafiyar hawainiya ce, lissafin watanni ake yi. Ko aikin gyaran gani na LASIK, da ake yanka mai tsabta a ɗakin tiyata, jijiyoyin kan ɗauki shekaru kafin su koma kusan yawansu na da. Wanda aka yi wa dashen gilashin ido kuwa, ba sa cika dawowa duka.

Kafin su toho, kare idon ake yi: hawayen roba, ko maganin ɗigawa da ake tacewa daga jinin mutum kansa, wani lokaci har a ɗinke gefen fatar idon na ɗan lokaci. Akwai wani magani mai suna cenegermin da Turai ta amince da shi a 2017, ana ɗigawa sau 6 a rana har mako 8, sai dai tsadarsa ba ta talaka ba ce.

Don Allah a ajiye kwalli da nonon uwa da maganin ido na ƴan talla. Yaron kuma kada ya bari abokan aiki su ba shi maganin kashe zafin ido ya riƙa ɗigawa, yana hana rauni rufewa. A saya masa tabarau na walda. Alhaji ya sa tabarau saboda ƙura, kuma a kai shi wurin likitan ido cikin makon nan, ko da ya ce ba ya jin komai.