Wata shida da King of Fighters XV: Terry shi kaɗai bai ishe ni ba

Shekara da shekaru jarumin nan Terry Bogard nake ɗauka a duk wasan faɗa na bidiyo da na same shi a ciki. Na san iyakar nisan da naushinsa na Burn Knuckle ke kaiwa, na san lokacin da zan saki Power Wave, harin da yake jefawa daga nesa, ba a tsallako mini ka ba. Da na sayi King of Fighters XV, wanda kamfanin SNK ya fitar a Fabrairun 2022, sai na zaci tsohuwar dabarata za ta fisshe ni: in cike gurbi biyu da duk wanda idona ya faɗa kansa, in ajiye Terry a ƙarshe ya share fage.

Sati uku na yi ina shan kashi kafin in gane inda gizo ke saƙa. A wannan wasa mutum uku kake zaɓa, amma ɗaya bayan ɗaya suke shiga, babu musanya a tsakiyar turmi, babu mai kawo wa wani ɗauki irin na wasan Dragon Ball FighterZ. Wanda ya faɗi ya fita ke nan, wanda ya ci kuma jini kaɗan, wato ma'aunin lafiyarsa, ake mayar masa ya tari na gaba. To idan biyun farko nawa suka zube ba su taɓuka komai ba, Terry zai shigo ya tarar da mutum uku a gabansa, shi kuwa jininsa ɗaya. Gaskiya ne na ƙarshe yana iya tara sandar ƙarfi, wadda ake kashewa a saki manyan hare-hare, har biyar, alhali na farko uku ce iyakarsa, na tsakiya huɗu. Wani lokaci da sandunan nan nakan juya wasa in ci, kuma daɗin wannan nasarar shi ya daɗe yana ruɗa ta.

Dole ta sa na zauna koyon sauran. King na sa a gaba, domin ba ta buƙatar sanda kafin ta yi aiki: Venom Strike ɗinta, harin da take jefawa, na riƙe abokin karawa a nesa, tana yi tana tara wa na bayanta ƙarfi. Clark na ba tsakiya, kuma shi ya fi wahalar da ni. Ɗan kokawa ne, sai ya matso jikinka yake cin abinci. Hannun da ya saba korar mutum nesa, yau an ce ya kutsa ciki da gajeren tsalle ya cafko. Na kai wata guda kafin yatsuna su yarda.

Abin da ban zata ba, koyon Clark ya gyara mini Terry. Da na ɗanɗana irin fargabar da ɗan kokawa ke ciki idan an hana shi matsowa, sai na daina tsoron masu ɗaukarsa.

Akwai farashi, ba zan ɓoye ba. Lokacin atisaye ya rabu uku, kuma kusan wata biyu Terry ɗina ya dushe, kombon da nake yi ido rufe, wato jerin duka a haɗe, ya fara kuɓuce mini. Tsarin Rush, inda danna ƙaramin naushi a jere kusa da abokin karawa ke fitar da kombo, ya rage mini zafi a farkon koyo, amma ba ya kai mutum nesa. Wanda burinsa ya nutse cikin jarumi ɗaya har ya san shi ciki da bai, Street Fighter 6 ko Tekken 8 za su fi yi masa daidai. Ban ga laifinsa ba, ni ma can na fito.

Yanzu abin da na fi so shi ne ɗan lokacin nan kafin a fara, inda nake kallon mutum ukun abokin karawa ina shawarar wa zan tura gaba. A makon jiya King ta kayar da biyu ita kaɗai, Clark ya ƙarasa na ukun, Terry ko fili bai taka ba.