Judo ko kokawa don kare kai? Ni dai judo

Ɗan'uwa mai tambayar judo ko kokawar gargajiya, jeka ka koyi judo.

Shekara huɗu ina yi, sau ɗaya tak na kayar da mutum a waje. A tasha ne, wani matashi ya ci kwalata kan rigimar kujera. Bai san ya kawo kansa ba, domin judo gaba ɗaya a kan riƙon riga aka gina ta. Na kama hannun rigarsa, na taka gefensa, na share masa ƙafa ta baya, abin da ake kira osoto gari. Ban saki hannun ba har ya kai ƙasa, don kada ƙeyarsa ta bugi kwalta. Kwalta ba katifar horo ba ce, kayarwa ɗaya na iya kai shi asibiti, kai kuma caji ofis. Ina tsaye, na ɗauki jakata na canza mota.

Abin da ya fi yi min rana ma shi ne ukemi, wato iya faɗuwa. Makonnin farko shi kaɗai aka sa mu, har na fara ƙosawa. Ranar da babur ya zame da ni a yashi, haɓata na manne da ƙirji, na tashi da ƙujewa kawai. Allah Ya saka wa Jigoro Kano da ya kafa wasan a Tokyo a 1882 (ba Kanon Dabo ba, sunansa ne haka).

Kokawa tana ba da ƙarfi, ban musa ba, wanda ya kalli gasar takobi ta Nijar ya sani. Amma a yashi ake yi, ba riga, kai a sunkuye.

Ka yi hattara da masu tallan baƙar ɗamara, wato alamar ƙwarewa a judo, a wata uku. Na taɓa biyan wani, kullum sai kwatance da wuƙar roba, abokin horo na faɗuwa tun ba a taɓa shi ba. Kafin ka ba da ko sisi, je ka zauna ka kalla. In ba sa randori, wato gwabzawar horo inda kowa ke turjewa da gaske, juya abinka.

Masu ƙwacen waya kuwa bibbiyu ko uku suke zuwa, da wuƙa. Miƙa musu wayar.