Fitilar tsofaffi a Ingila da hantsinmu na Zariya

Yaya, barka da gida, ya jikin Inna? Kin ce har yanzu idan dare ya raba sai ta tashi tana laluben ƙofa, da rana kuma gyangyaɗi. Da irin wannan muke kwana muke tashi a gidan kula da tsofaffi da nake aiki a nan Ingila, musamman masu gigin tsufa.

A nan ba a gaggawar ba tsoho ƙwayar barci, don tana sa jiri, karayar ƙugu kuwa ga mai shekara 80 ba ƙaramin abu ba ne. Haske wasu gidajen ke gwadawa. Akwai wata fitila mai faɗi da ake girkewa a tebur lokacin karin kumallo. Tsohuwa na kurɓar shayinta, hasken na dukan fuskarta ta gefe na kamar minti 30, ba sai ta zura wa fitilar ido ba. A ma'aunin haske ƙarfinta luks 10,000 ne, ta ɗaki kuwa da wuya ta wuce 500. Hasken safe ne ke shaida wa ƙwaƙwalwa gari ya waye, sai ta tsayar da sinadarin melatonin mai jawo barci, ta sake shi da dare a kan kari. Gigin tsufa yana dagula wannan tsari, yanar ido kuma tana tare hasken.

Su dole ce ta sa suke sayenta. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 4 ta faɗi, ga gajimare. Mu kuwa hantsin tsakar gidanmu ya ninka fitilar nan. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke ajiye tsofaffinmu a ƙuryar ɗaki, taga a rufe, labule a sake, wai kada iska ta buge su.

Fitilar ba warkarwa take yi ba. A wani bincike da aka buga a 2008 kan tsofaffi 189 a gidaje 12 a ƙasar Holan, an ga amfanin haske, amma ɗan kaɗan. Ni ma na ga waɗanda barcinsu ya daidaita, na ga waɗanda ko gezau.

A nan Ingila sun fi mu asibitin masu mantuwa, likita ya tura ka kyauta, sai dai jiran layi na iya ɗaukar watanni. Jikan da zai zauna kusa da kaka yana ja ta da hira kuwa, yana wuya a nan.

Don Allah Yaya, bayan ta sha koko a shimfiɗa mata tabarma a bakin inuwar darbejiya, ta yi ko rabin awa, kullum. Kada barcin rana ya kai la'asar, bayan isha'i kuma a rage haske. A kai ta asibitin Shika a duba idon nan, zan turo kuɗin mota ƙarshen wata.