Sikelin jarirai: wata uku ina auna ƙaton ɗana a gida

Kilo 4.6 aka auna ɗana ranar da na haife shi, tsawonsa santimita 54. Nas ɗin da ta karɓe shi sai da ta ce tubarkalla masha Allah. Likita ta yi mini bayani cewa yawancin jarirai da kilo uku da ɗoriya suke zuwa, wanda ya haura kilo 4 kuwa ana sa masa ido sosai. Ni dama an gano mini ciwon suga tun cikin yana wata shida, shi ya sa ya yi wannan girman, shi ya sa kuma a ranar farko aka riƙa sukar diddigensa ana duba sugansa kada ya faɗi.

Da muka dawo gida hankalina ya ƙi kwanciya, sai maigida ya sayo mini sikelin jarirai mai batir, irin mai faranti a sama, wanda ke ɗaukar har kilo 20.

Abin da na fi so a jikinsa shi ne maɓallin da ke mayar da lamba sifili. Sai in shimfiɗa zani, in danna, sannan in kwantar da yaro, nauyin zanin ba ya shiga lissafi. Kwana huɗu da haihuwa ya nuna mini 4.3. Gabana ya faɗi, na buga wa nas waya ina hawaye. Ta ce in kwantar da hankalina, jarirai sukan rage nauyi a kwanakin farko, in dai bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, kuma zuwa sati biyu sukan mayar. Haka kuwa aka yi, ina kallo lambar tana hawa kaɗan kaɗan. Ranar riga-kafi na gwada da sikelin asibiti, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Inda ya ba ni haushi shi ne farantin. Gajere ne, ba a yi shi don irin ɗana ba. Wata biyu kacal ƙafafunsa suka fara leƙowa waje, da ya yi harbi kuma lambar ta dinga rawa ke nan. Yanzu sai yana barci nake samun awo mai kyau, a kan siminti, don a kan kafet ƙarya yake yi.

Hajiya, surukata, ta hana ni auna shi gaban baƙi. "Ke dai 'yar nan, ki ji tsoron baki," in ji ta. Na ji maganarta, sai da safe nake yi bayan wanka, in rubuta a bayan katinsa.

Duk wadda aka ce mata cikinta babba ne, ta tafi da tef ta auna tsawon farantin kafin ta biya kuɗi.