Jamusanci a jami'a: ta jarida ko ta littafin adabi?

Ɗalibin da ya kai matakin B2 a Jamusanci, wato babban matakin tsakiya na iya harshen, yakan tarar da hanya biyu a gabansa: ajin da ake karanta labaran yau da kullum, da ajin da ake karanta adabi.

A ajin labarai, malami yana kawo Tagesschau, labaran minti 15 da tashar ARD ke watsawa da ƙarfe 8 na dare, ko wani rahoto daga mujallar Der Spiegel ta Hamburg, wadda ta fara fitowa a 1947. Nan ne za ka ci karo da Konjunktiv I, salon da ɗan jarida ke amfani da shi ya nuna cewa maganar ta wani ce, shi isarwa kawai yake yi. Nan ma za ka haɗu da kalmomi irin su Schuldenbremse, ƙa'idar taƙaita cin bashin gwamnati da aka sa a tsarin mulkin Jamus a 2009. Idan saurin maganar ya sha maka kai, DW, wadda muka saba da sashenta na Hausa, tana da labaran Jamusanci da ake karantawa a hankali. Matsalar dai, labarin makon jiya ya tsufa, kuma wanda bai san jam'iyyun Bundestag, majalisar dokokin Jamus, ba zai sha wuya.

Adabi kuwa yana koya maka haƙurin bin doguwar jimlar da aikatau ke jira a ƙarshenta. Sai dai wasu kalmominsa an daina faɗinsu a titi.

Ni dai mai shirin jarrabawar TestDaF ko DSH, waɗanda ke gwada Jamusancin mai neman shiga jami'a a Jamus, ajin jarida zan tura shi.