Wane Horon Natsuwa Ya Kamata a Saya wa Ɗaliban Ba da Shawara?

Duk malamin da ke horar da waɗanda za su zauna gaban marayu, zawarawa da masu shaye-shaye ya san cewa ɗalibin da ya fi tausayin jama'a shi ya fi saurin ɗora wa kansa laifi idan wanda yake taimaka wa bai samu sauƙi ba. Da wannan nake auna kowane tsari.

Mafi shahara shi ne MBSR, horon natsuwa don rage matsin rai, wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka. Mako 8 ake yi, amma yana neman atisayen minti 45 kullum a gida, abin da ɗalibi mai jarrabawa a gabansa ba kasafai yake cikawa ba. MBCT kuwa, wanda ya haɗa horon natsuwa da gyaran tunani, don hana ciwon damuwa dawowa aka tsara shi. Manhajojin waya irin su Headspace da Calm ba malami a cikinsu, saboda haka ban sa su a lissafi ba.

Zaɓina shi ne MSC, horon natsuwa da tausaya wa kai, na Kristin Neff da Christopher Germer. Shi ma mako 8 ne, sai dai ya taɓa inda ke yi wa ɗalibanmu ƙaiƙayi, domin yana koyar da sassauta wa kai, da tuna cewa wahala rabon kowane ɗan Adam ce, da kallon baƙin ciki ba tare da nutsewa cikinsa ba. Ga kuma ma'aunin tausaya wa kai na Neff na 2003 mai tambayoyi 26, wanda za a cike a farkon zango da ƙarshensa.

Amma a yi hattara da 'yan damfara. Mun taɓa biyan wani mai horarwa wanda takardar shaidarsa, ashe, ta kwas ɗin kwana biyu ce a intanet. Ya sa ɗalibai suka rufe ido suka dafa ƙirji, wata ɗaliba da ba ta daɗe da rasa mahaifiyarta ba ta fashe da kuka, shi kuwa ya ce ta ci gaba da jan numfashi. Masu MSC sun san tausasa wa kai kan tayar da tsohon miki, kuma suna koyar da yadda ake tararsa. Kafin ku biya ko sisi, ku tambayi mai horarwar wa ya horar da shi, ko shi kansa ya zauna makonni 8 ɗin a matsayin ɗalibi, da me zai ce wa wanda ya tambayi alaƙar atisayen da addinin Buddha. Wanda ya musanta wannan alaƙa, ku sallame shi.